Talala Mai Kamar Sake: Martani Kan Wasiƙun Kurkuku na Kiristocin Farko

Wani marubuci ya fito da ra'ayi game da yadda ya kamata a koyar da wasiƙu huɗu na Manzo Bulus waɗanda aka saba kira wasiƙun kurkuku, wato wasiƙa zuwa ga Afisawa, da ta Filibiyawa, da ta Kolosiyawa, da kuma gajeriyar nan zuwa ga Filimon, kuma tun da gidan yarin Gashua ya ɗauka ya yi awo da shi, ya dace a ba shi amsa daga inda ya ɗauko ma'aunin nasa. A ganinsa sunan ba shi da tushe, domin babi na 28 na Ayyukan Manzanni ya nuna Bulus ya shekara biyu a Roma cikin gidan haya, yana karɓar baƙi yana koyarwa, saboda haka duk wanda ya san zafin Gashua a watan Afrilu da halin da fursuna yake ciki a bayan katangarta ba zai kira irin wannan zama kurkuku ba. Ya ƙara da cewa masana sun yi saɓani a kan ko Bulus ne ya rubuta biyu daga cikin wasiƙun, sannan koyarwar da ke cikinsu ba za ta sauya ba ko da a inuwar fada aka rubuta su. Daga nan ya yanke cewa ɗaliban ilimin addinin Kirista a kwalejojin Gashua da Nguru, da masu nazarin Littafi Mai Tsarki a majami'un garuruwan biyu, su ajiye batun ɗauri a gefe su karanta wasiƙun jigo-jigo, kamar yadda manhajar jarrabawa ta saba rarraba su: Filimon a ƙarƙashin gafara, babi na 2 na Filibiyawa a ƙarƙashin tawali'u, babi na 4 a ƙarƙashin bayarwa.

Gaskiyar da ke cikin maganarsa ba ta ɓuya ba. Zaman da Ayyukan Manzanni ya bayyana a Roma bai yi kama da na ramin nan na ƙarƙashin ƙasa da ke gindin tudun Kafitol ba, inda Jugurta sarkin Numidiya ya mutu a shekara ta 104 kafin Miladiyya, kuma mai wa'azin da ya zana Bulus cikin irin wannan rami yana rubutu da hasken aci-balbal ya ƙara wa labari gishiri. Kuskuren marubucin yana wani waje dabam: ya ɗauki ma'anar kurkuku ta zamanin yau, wato ginin da ake kai mutum ya yi wa'adin da alƙali ya yanke masa, ya ɗora ta a kan duniyar da ba haka take amfani da kurkuku ba. Ulfiyan, masanin shari'ar Romawa na farkon ƙarni na 3, wanda aka tattara maganganunsa cikin kundin dokokin Sarki Justiniyan a shekara ta 533, ya bayyana cewa manufar kurkuku riƙe mutum ce har a yi masa shari'a, hukuncin kuwa wani abu ne da ke zuwa daga baya, ko tara, ko bulala, ko kora daga gari, ko aikin ma'adinai, ko kisa. Shi ne kuma ya lissafa hanyoyi huɗu da gwamna zai iya bi da wanda ake tuhuma, gwargwadon nauyin laifi da darajar mutum da dukiyarsa: a jefa shi gidan yari, ko a damƙa shi hannun soja, ko a ba da shi ga masu tsaya masa, ko a bar shi bisa alkawarin kansa. Bulus a Roma yana mataki na biyu, ga soja mai gadi, ga kuma sarƙar da shi da kansa ya ambata wa shugabannin Yahudawa a wannan babi na 28. Wanda yake wannan mataki ɗan jiran shari'a ne, kuma mai karatu a Najeriya, inda kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali ba a yanke musu hukunci ba, ya san cewa rashin sanin ranar fita azaba ce mai zaman kanta. Kafin Roma ma Bulus ya shekara biyu a tsare a Kaisariya, inda gwamna Filikus ya yi ta jan shari'ar yana sa ran a miƙa masa wani abu.

Bahaushe yana da suna ga wannan hali, ɗaurin talala, daga doguwar igiyar da ake ɗaure dabba da ita ta yi kiwo iyakar tsawon igiyar, shi ya sa ake mata kirari da talala mai kamar sake. Tarihin ƙasar nan cike yake da ita. Sarkin Kano Alu, da Turawa suka kama a 1903, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja, haka ma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi bayan an tuɓe shi, kuma ba wanda ya taɓa cewa 'yantattu ne don kawai ba a rami aka ajiye su ba, ko ya ce waƙoƙin da Ɗan Sidi ya bari za a fahimce su sarai ba tare da sanin abin da ya shiga tsakaninsa da Turawa ba. Ahmad Baba na Timbuktu, wanda aka kai Marrakesh a 1594, ya koyar ya yi rubuce-rubuce a can bayan an sassauta masa, amma bai samu komawa gida ba sai bayan shekara goma sha wani abu. Samun damar koyarwa da karɓar baƙi bai kwance wa ko ɗayansu igiya ba.

Misalin Gashua kuwa, idan aka bi shi har ƙarshe, juyawa yake ya kā da wanda ya kawo shi. Abin da ya sa sunan wannan gidan yari ya zama abin tsoro a zamanin mulkin soja bai tsaya ga zafi da sauro da gabza ba, domin akwai waɗannan a wasu wuraren. Nisa ne babban makamin. A 1989, zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin Gashua tana cikin tsohuwar Jihar Borno tun ba a ƙirƙiro Yobe ba, an kama lauya Gani Fawehinmi a Legas aka kawo shi nan a ƙarƙashin Doka ta 2 ta 1984, wadda ta ba da ikon tsare mutum ba tare da an gurfanar da shi gaban kotu ba. Tsakanin Legas da Gashua akwai fiye da kilomita 1,200, layin dogo kuma tun da ya iso Nguru a 1930 a nan ya tsaya, sauran tafiyar sai a mota. Wanda ya zaɓi Gashua ya san abin da yake yi: yana so ne ya yanke igiyar da ke tsakanin ɗaurarre da iyalinsa da lauyoyinsa da likitansa, domin ya san cewa ran fursuna yana hannun wanda zai iya isowa gare shi. A daular Roma wannan ya fi tsanani, saboda abincin da hukuma ke bayarwa, inda ma tana bayarwa, bai isa ya riƙe rai ba, wanda kuma yake gidan haya a hannun soja shi zai nemi kuɗin haya da na ci, alhali an raba shi da sana'arsa ta ɗinkin tanti. Ko Agaribas na Farko, jikan Hirudus, da Sarki Tibariyas ya ɗaure shi a shekara ta 36, masanin tarihi Yusufus ya ba da labarin cewa abokansa da barorinsa ne ke kawo masa abinci da tufafin da zai shimfiɗa ya kwanta. In ɗan sarki ya buƙaci haka, ina ga mai ɗinkin tanti.

Da wannan idon ne wasiƙar Filibiyawa take buɗewa. Dalilin rubuta ta na kusa shi ne cewa jama'ar Filibi, wani gari a Makidoniya, sun tara gudummawa sun aiko da ita ta hannun ɗan'uwansu Abafaroditas, wanda ya kamu da ciwo har ya kusa mutuwa a kan wannan hidima, kuma Bulus yana mayar da shi gida da wasiƙa a hannu. A babi na 4 Bulus ya yi amfani da kalmomin 'yan kasuwa na shiga da fita, har da kalmar Girkanci da ake rubutawa a takardar shaidar karɓar kuɗi, wadda aka samu a ɗaruruwan rasiɗai na takardun gargajiya da aka tono a Masar. Ɗalibin da aka ce masa wannan babi darasi ne kan bayarwa kawai ba zai gane abin da ya sa godiyar ta zo da irin wannan taka-tsantsan ba, inda mutum yake nuna jin daɗi amma yana jaddada cewa ya iya zama da yunwa da ƙoshi, domin wannan harshen mutum ne mai mutunci da ɗauri ya mai da shi abin ciyarwa. Haka nan ba zai gane babi na 1 ba, inda Bulus yake auna rayuwa da mutuwa kamar mai jiran hukuncin da zai iya faɗawa ko ta ina, yana kuma ambaton wasu masu wa'azi da suke neman ƙara masa wahala. A al'ummar da ke auna mutum da daraja da kunya, sarƙa tabo ce, kuma akwai waɗanda suka ga cewa ɗaurarren shugaba ya zama abin nesanta kai. Yawan ambaton farin ciki a wasiƙar, fiye da sau goma cikin babi huɗu, nauyinsa yana zuwa ne daga bakin da ya fito. Maganar da mai 'yanci zai faɗa a ɗauke ta nasiha, in ta fito daga mai jiran hukuncin da zai iya zama kisa ta zama shaida.

Akwai kuma wani ginshiƙi da marubucin ya jingina a kai ba tare da ya gwada ƙarfinsa ba, wato zaton cewa a Roma aka rubuta wasiƙun. Babu ɗaya daga cikin huɗun da ta ambaci sunan garin da marubucinta yake tsare. Filibiyawa ta ambaci firaitoriyon, kalmar da ke iya nufin rundunar tsaron sarki a Roma, tana kuma iya nufin fadar gwamna a lardi, kamar yadda aka kira fadar Hirudus a Kaisariya, sannan ta ambaci mutanen gidan Kaisar, waɗanda bayi ne da 'yantattun bayi masu aikin gwamnati a sassa da yawa na daular. Bugu da ƙari, wasiƙar tana nuna cewa labari ya kai ya kawo aƙalla sau huɗu kafin a rubuta ta: Filibiyawa sun ji an ɗaure shi, sun aiko Abafaroditas, labarin ciwonsa ya koma musu, labarin damuwarsu kuma ya dawo. Daga Roma zuwa Filibi tafiya ce ta kimanin kilomita 1,200, a ƙasa da kuma ƙetare teku, wadda ke cin wata guda ko fiye, alhali daga Afisa ba ta wuce mako guda zuwa kwana goma ba. Wannan lissafi ne ya sa Adolf Deissmann na Jamus, da kuma George Duncan na Sikotilan a littafinsa na 1929, suka karkata ga cewa a Afisa aka yi ɗaurin, a tsakiyar shekarun 50. Ayyukan Manzanni bai ambaci ɗauri a Afisa ba, amma Bulus ya faɗa a wasiƙa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, wadda ta riga Kaisariya da Roma, cewa an sha ɗaure shi, kuma Kilemen na Roma, a ƙarshen ƙarni na farko, ya ce sau bakwai aka sa masa sarƙa. Har yau masana ba su rufe wannan muhawara ba, da yawa kuma suna nan kan Roma da hujjoji masu ƙarfi. Abin lura shi ne, idan ba a Roma ba ne, gidan hayar da marubucin ya gina dukan hujjarsa a kai ya rushe, kuma babu hanyar shiga muhawarar sai ta nazarin ɗaurin da ya ce a ajiye. Ɗalibin da ya san bambancin aika saƙo daga Gashua zuwa Nguru da aika shi zuwa Legas a zamanin da babu wayar hannu ya riga ya riƙe bakin zaren.

Wasiƙar Filimon ce ta fi nuna ɓarnar karatun jigo-jigo. Aya 25 ce kacal, amma sau biyar aka ambaci ɗauri a cikinta, kuma ita kaɗai ce Bulus ya buɗe da kiran kansa ɗaurarre a inda ya saba kiran kansa manzo ko bawa. Batunta wani bawa ne mai suna Unisimas da Bulus yake mayarwa ga ubangijinsa Filimon, yana roƙon a karɓe shi a matsayin ɗan'uwa, yana kuma ɗaukar nauyin duk wani bashi da rubutun hannunsa. Fassarar da aka gada ita ce bawan ya yi sata ya gudu, ya tuba, an roƙa masa gafara. Sai dai tambayar da sanin tsarin tsaro ke haifarwa ita ce ta yaya gudajjen bawa ya iso wurin mutumin da soja ke gadi. Da kama shi aka yi, da hukuma ce za ta mayar da shi, ba wani ɗaurarre ba, kuma mai gudun kamu ba ya kai kansa inda sojoji suke. Saboda haka Peter Lampe ya kawo a 1985 cewa Unisimas ya zo ne kamun ƙafa, wato ya nemi aminin ubangijinsa ya shiga tsakani, abin da masanan shari'ar Romawa suka ce ba ya mai da bawa gudajje, kuma akwai makamancinsa a wasiƙar da Filini Ƙarami ya rubuta wa abokinsa Sabiniyanus yana roƙa wa wani 'yantaccen bawa. Wasu kuma suna ganin jama'ar gidan Filimon ne suka aiko shi ya yi wa Bulus hidima, kamar yadda Filibi ta aiko Abafaroditas. Kowace daga cikin waɗannan tana sauya abin da ake roƙo: gafarar laifi ce, ko sulhu, ko a bar masa bawan ya ci gaba da hidima, ko kuwa 'yanci ne ake nufi ba a furta ba. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga wasiƙar da masu kare bauta a Amurka suka kafa hujja da ita a ƙarni na 19, balle ga mai karatu a ƙasar da ba a kammala soke bauta a dokance ba sai 1936, inda kalmomin murgu da fansa da cucanawa ba su gama fita daga bakin tsofaffi ba. Mutum marar 'yanci ne yake roƙo a kan wani marar 'yanci, kuma ƙarfin roƙon daga nan yake.

Game da saɓani kan wanda ya rubuta wasiƙun, abin da marubucin ya faɗa gaskiya ne amma bai kai shi inda yake so ba. Ferdinand Christian Baur na Jami'ar Tubingen ya ƙi amincewa da dukan huɗun a 1845, sai dai yau kusan babu masanin da ke shakkar Filibiyawa da Filimon. Ra'ayi ya rabu a kan Kolosiyawa, shakka kuma ta fi yawa a kan Afisawa, saboda dogayen jimlolinta, da yadda ta maimaita kalmomin Kolosiyawa da yawa, da kuma rashin sunan Afisa a farkonta cikin tsofaffin kwafi, ciki har da kundin da ake kira P46 na wajen shekara ta 200, wanda wani sashensa ke Dublin wani kuma a Jami'ar Michigan. Masu cewa Bulus ne ya rubuta su sukan bayyana bambancin salo da cewa ɗaurarre yana dogara da magatakarda fiye da mai 'yanci, kuma gaisuwar hannu a ƙarshen Kolosiyawa tana nuna wani ne ya rubuta sauran. Masu cewa almajiri ne ya rubuta bayan rasuwarsa dole su bayyana abin da ya sa almajirin ya zaɓi sarƙa, abin kunya a idon duniyarsa, ta zama hatimin malaminsa. Ta ko wace ƙofa aka shiga, ɗaurin yana tsakar ɗaki.

Kiristocin da suka biyo baya ba su ga abin a matsayin ƙaramin bayani ba. Ignatiyus, bishof na Antakiya, ya rubuta wasiƙu bakwai a Simirna da Taruwasa yana kan hanyar Roma a hannun sojoji goma, a zamanin da aka fi danganta shi da Sarki Tarajan, kuma ikilisiyoyi ne suka ɗauki nauyin dikon Burus ya raka shi. A Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, Ferfetuwa, matashiya mai shayarwa da aka kashe a shekara ta 203, ta bar bayanin yadda dikononi biyu suka biya gandirobobi don a fitar da ita da abokan ɗaurinta zuwa sashe mai iska na 'yan sa'o'i. A 257 Kifiriyan, bishof na wannan gari, yana zaman kora a Kurubis, ya aika wasiƙa da kuɗi ga waɗanda aka tura haƙar ma'adinai a Numidiya, amsoshinsu kuma sun tsira, ɗauke da sunayen 'yan aiken da suka kai saƙon. Har wanda ba ya ƙaunarsu ya shaida: Lukiyan na Samosata, yana yi musu ba'a a wajen shekara ta 165, ya kwatanta gwauraye mata da marayu suna jira a ƙofar kurkuku tun asuba, da shugabanni masu ba masu gadi toshiyar baki su kwana ciki, da wakilai daga biranen Asiya ɗauke da gudummawa. Zumunci a ƙafa yake, kuma waɗannan wasiƙu su ne sawun da ƙafar ta bari.

Kwatanta zamanin da da na yau yana buƙatar hattara, domin Bulus ɗan ƙasar Roma ne mai haƙƙin ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar, gatan da yawancin waɗanda suka kwana a kurkukun daular ba su da shi, kuma bai kamata a ari wahalar wani a yafa masa ba. Amma akwai wasiƙa ta biyar da marubucin bai taɓo ba, wato ta biyu zuwa ga Timoti, wadda ita ma masana da yawa suke danganta ta ga almajirai, kuma ita ce ta ambaci Roma da suna. A cikinta an yaba wa Onisifaras domin ya nemi ɗaurarren har ya same shi bai ji kunyar sarƙarsa ba, an kuma faɗi cewa a zaman shari'a na farko ba wanda ya tsaya masa. Kusa da ƙarshenta ɗaurarren ya roƙi a taho masa da mayafin da ya bari a Taruwasa tare da littattafai da fatun rubutu, ya kuma nanata cewa a yi ƙoƙari a iso kafin sanyi ya shiga. Wanda ya san hunturun bakin kogin Yobe a watan Janairu, a kan daɓen siminti, ba ya buƙatar sharhi a kan mayafin. Gaggawar kuwa tana da dalili a kalanda, domin jiragen ruwan Bahar Rum sukan daina zirga-zirga daga wajen 11 ga Nuwamba zuwa 10 ga Maris, kuma ɗan aiken da jirgin ƙarshe ya kuɓuce masa sai ya jira wata huɗu a tashar ruwa da mayafin a hannunsa.